Kwalli a idon jariri da gubar dalma: tambayoyin da iyaye ke yi

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata na zauna kusa da goggonmu tana shirya jaririya. Bayan wanka da shafa mai, sai ta kwance bakin ɗankwalinta ta ciro wani ɗan tandu da ya sha hannu har ya yi baƙi. Ta zare tsinken, ta ɗan lasa shi don kwallin ya kama, ta zizara wa yarinya a idanu, ta ja mata gira, ta ɗiga mata ɗigo a goshi. Yarinya ta yi kyau, wannan ba ƙarya. Ni kuwa idona yana kan ƙyalƙyalin da garin kwallin ke yi a yatsan goggo. Da na buɗe baki na ce a rage, ɗakin mai jego ya yi caa a kaina. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka jefo mini ranar, da waɗanda suka biyo baya.

Wai me ya haɗa kwalli da dalma?

Mutane suna ɗauka gurɓata kwallin ake yi, ko wani mugun ɗan kasuwa ne ke zuba masa dalma don ya ƙara nauyi. Ba haka ba ne. Kwallin dutse, mai ƙyalli da nauyi a hannu, wanda ake sayarwa ƙulli-ƙulli a kasuwa a zo gida a niƙa, yawancinsa dutsen da masana ma'adinai ke kira galina ne. Galina kuwa dalma ce haɗe da farar wuta, kuma daga shi ake narko dalmar da ake yin batirin mota. Idan dutsen tsantsa ne, kusan kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Ana haƙo shi a nan Najeriya, a wajajen Abakaliki ta jihar Ebonyi da Zurak ta jihar Filato da sauran wurare.

Ba mu kaɗai ke sa shi ba. Yarbawa suna ce masa tiro, Larabawa kuhul, mutanen Indiya da Pakistan da Afghanistan surma ko kajal. Misirawan zamanin fir'aunoni ma da galina suke baƙanta ido. Daɗewar al'ada dai ba ta sauya abin da ke cikin dutsen.

Dalmar nan ita ce wadda ta kashe yara a Zamfara?

Ita ce. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne, don yaran suna jijjiga su suma. Ashe duwatsun zinare ne da ake dakawa a cikin gidaje, masu ɗauke da dalma, ƙurarsu ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Sai dai a yi gaskiya: abin da kwalli ke kai wa jikin yaro bai kai na Zamfara yawa ba. Can ambaliya ce, nan ɗigo ne kullum. Kuma ɗigon nan shi ya fi wuyar magana, don ba a ganin gawa balle a tsorata.

A ido ake sawa, ba a baki ba. Ta ina take shiga jiki?

Ba ta fata take shiga sosai ba. Haɗiye ta ake yi, ta hanyoyi biyu ko uku.

Ta farko, hannu. Duk wadda ta yi raino ta san jariri ba ya minti goma bai murza ido ba, kuma daga ido hannun bakinsa ya nufa. Dubi bayan hannun yaron da aka rambaɗa wa kwalli da safe, kafin azahar ya yi baƙi. Kumatunsa, zanin goyo, nonon uwa, duk sun samu rabonsu.

Ta biyu, a kusurwar ido ta gefen hanci akwai wata 'yar kafa da hawaye ke bi su gangara cikin hanci, daga nan su wuce maƙogwaro. Shi ya sa mai kuka ke majina, shi ya sa kuma in aka ɗiga maka maganin ido kake jin ɗacinsa a wuya. Mata da yawa sun sha fyace hanci su ga baƙi bayan sun sa kwalli. Malamanmu na Malikiyya sun san wannan tun da daɗewa: sun ce mai azumi in ya sa kwalli da rana har ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, sai ya rama azumin. To abin da ya isa maƙogwaron babba, zai isa cikin jariri.

Sai kuma lasar tsinke, wadda ita mai sawar take yi wa kanta.

Ɗan abin da tsinke ke ɗaukowa har zai yi wani abu?

Ga wani labari da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa a 2012. A birnin Boston an kai wani jariri ɗan wata shida asibiti, iyayensa 'yan Najeriya ne. Aka auna jininsa aka samu dalma ta kai maikirogiram 13 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, alhali a lokacin daga 5 ake fara damuwa. Aka bincike gidan, ba a samu tsohon fenti ko wani abu mai dalma ba. Abu ɗaya aka samu: tun yana ɗan mako biyu ake sa masa tiro sau uku zuwa huɗu a mako, don kyau da kuma ƙarfin ido. Daga Najeriya aka kai musu shi tsaraba. Da aka gwada garin, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Aka daina sawa, aka ba yaron maganin ƙarin jini, dalmar ta fara sauka.

Yi lissafin da kanki. In tsinke ya ɗauko miligiram 10 na irin wannan gari, wanda bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba, miligiram 8 dalma ce. Gubar da ake aunawa a jini kuwa da maikirogiram ake lissafa ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Ko ɗan kaɗan daga ciki yaro ya haɗiye, ya isa ya bayyana a jini. Ga shi hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsewa.

Yaron Boston bai nuna alamar ciwo ba. An gano ne kawai saboda an auna shi. Namu nan wa ke auna su?

Me take yi wa yaro?

Jiki ba ya bambanta dalma da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, don haka yana buɗe mata ƙofofin da bai kamata ba. Tana shiga ƙwaƙwalwa a daidai shekarun da ƙwaƙwalwar ke ginuwa, ta rage kaifin fahimta, ta sa yaro ya kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, magana ta yi masa jinkiri, wani ya zama mai saurin fushi. Tana hana jiki haɗa jini yadda ya kamata, sai ƙarancin jini ya biyo baya. Tana taɓa ƙoda da ji da girman jiki. In ta yi yawa ana ganin ciwon ciki, taurin bayan gida, amai, rashin cin abinci, kasala, har ta kai ga jijjiga da suma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa kuma ba ta komawa daidai. CDC ma a 2021 ta sauke ma'aunin da take fara damuwa daga maikirogiram 5 zuwa 3.5.

Mu ma da kwalli aka raine mu, ga mu lafiya lau.

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, don goggo ce ta faɗe ta, kuma ita ta raine ni. Amsar da zan iya bayarwa ita ce, dalma ƙarama ba ta kwantar da mutum, rage masa take yi. Yaron da aka halitta zai haddace izu cikin wata guda, sai ya ɗauki biyu. Wa zai gane? A makaranta a ce daƙiƙi ne, a gida a ce ƙiriniya gare shi, malam ya ƙara bulala. Ba wanda zai tuna da tandu. Ba kuma cewa nake duk yaron da karatu ya yi wa wuya kwalli ne ya jawo ba; yunwa da zazzaɓi da cunkoson aji suna nan. Amma a cikin dukkan waɗannan, kwalli ne kaɗai za ki iya kawar da shi yau da yamma ba tare da kashe ko sisi ba.

A 2020 asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, har zuwa miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai 5 ko ta wuce. Mafi yawansu suna wasa suna dariya, iyayensu suna cewa lafiya lau.

To ai sa kwalli sunna ce.

Haka ne, kuma ba wanda ya isa ya musa. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kwaɗaitar da amfani da ismid, cewa yana ƙara hasken gani yana tsirar da gashi. Abin lura shi ne sunan da aka ambata: ismid. Mafi yawan masu bayani suna fassara shi da dutsen antimoni, wanda ma'adini ne daban da galina. Duwatsun biyu sun yi kama ƙwarai, dukansu masu duhu ne da ƙyalli, shi ya sa sunan kwalli ko tozali ya haɗe su a bakinmu. Galina ya fi samuwa, ya fi araha, shi ya cika kasuwa.

Saboda haka tambayar da ke gabanmu ba ta hadisi ba ce, ta abin da ke cikin tandun ce. Ruwayar da aka fi sani ba ta kuma ambaci jarirai ba. Addinin da ya kwaɗaitar da ismid shi ne ya ce babu cuta babu cutarwa. Duk wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya kai wa malaminsa maganar yadda take: dutsen da nake niƙawa dalma ce, ya halatta in sa wa ɗan kwana bakwai?

Nawa daga Saudiyya aka kawo mini, an rubuta ismid a jikinsa.

Tsarabar alhazai ba ta cika sai da dabino da zamzam da carbi da kwalli, kuma muna ganin abin da ya fito daga can ya fi ƙarfin zargi. Amma masu bincike sun sha sayen kuhul a kasuwannin Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa su gwada, su samu dalma mai yawa a cikin wani kaso babba, har da waɗanda kwalinsu ya ce ismid ne. Da yawansu ma ba a can aka yi su ba, shigo da su ake yi. Rubutun kwali ba gwaji ba ne.

Akwai yadda zan gane mai dalma da idona?

Babu hanya tabbatacciya. Ƙyalƙyali kamar garin azurfa da nauyin da ya fi girman ƙullin alamu ne na galina, amma rashinsu ba ya wanke kwalli, don in an niƙa shi lukui ko an gauraya shi da baƙin hayaƙi, ƙyallin yana ɓacewa. Sai na'urar ɗakin gwaji ce ke raba gardama. Jiƙa shi a ruwan zamzam ko ruwan lemun tsami, wanke shi, shanya shi, ƙona shi, babu wanda ke cire dalmar, domin dutsen kansa shi ne dalmar. Ƙonawa ma ta fi muni, hayaƙin guba ne. Niƙa shi a tsakar gida kuma yana watsa ƙurarsa inda yara ke wasa, balle a ce a dutsen da ake niƙa kayan miya aka yi.

Ba ya wanke ido ya kore kwantsa?

Idon jariri lafiyayye ba ya buƙatar komai. Hawaye suna wanke shi. In akwai ɗan kwantsa, a goge da auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da nasa audugar. In kuwa idon jariri sabon haihuwa ya kumbura, ya yi ja, yana fitar da ruwa mai kauri kamar mugunya, wannan na asibiti ne a ranar, don wasu ƙwayoyin cuta da yake ɗauka wajen haihuwa suna iya makantar da shi cikin kwanaki. A nan ne karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido take zama gaskiya tsagwaronta.

Akwai kuma maganar tsinke ɗaya gida guda. Daga idon kaka zuwa na uwa zuwa na yara biyar, haka ciwon ido na afolo da amosanin ido ke zagaye gida.

Kada kuma a barbaɗa kwalli a cibiya ko a wani miki. Na cibiya akwai man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti, shi ma ban da ido.

Ni babba ce. Ina da ciki, ko ina shayarwa. Zan iya sawa?

Gara a ajiye shi. Dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, tana kuma da hannu a ɓari, haihuwar bakwaini, ƙaramin jariri da hawan jinin mai ciki. Wani abin da ba a cika sani ba: dalma ba ta daɗewa a jini, kamar wata guda rabinta ke raguwa, amma tana lafewa a ƙashi shekaru da dama. Idan mace ta yi ciki jikinta ya fara ciro kalsiyam daga ƙashi don gina jariri, sai tsohuwar dalmar ta biyo. Wato kwallin da budurwa ke lasa yau yana iya jiran ɗanta na fari.

Shayarwa kuwa a ci gaba da ita. Kwallin za a daina, ba nonon ba, sai fa in likita ya auna jinin uwa ya ce wani abu daban.

Na daɗe ina sa wa yarona. Yanzu me zan yi?

Ki daina yau, ki wanke masa fuska da hannu da sabulu, ki wanke zannuwan goyo da shimfiɗarsa. Sannan ki nemi a auna dalmar jininsa. Gwaji ne na jini, wani lokaci daga yatsa, in ya nuna yawa a tabbatar da na jijiya. Ƙananan asibitoci ba su cika yin sa ba, sai asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji, don haka ki gaya wa likitan yara kai tsaye cewa kina sa masa kwallin dutse tun yaushe, sau nawa a mako. Ki tafi da tandun a ƙulle cikin leda. A duba masa ƙarancin jini ma, domin yaron da sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a jikinsa ya fi tsotse dalma.

In yaro yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ba a jiran gwaji, asibiti za a nufa.

Madara ko manja suna wanke gubar?

A'a. Abinci mai kyau yana rage yawan dalmar da hanji ke tsotsewa, amma ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga. Duk da haka yana da amfani: wake, hanta, ƙwai, kifi, zogale, alayyafo, miyar kuka, nono, da 'ya'yan itace irin su lemo da gwaiba. Yaron da cikinsa ba komai ya fi kwasar guba.

Akwai magungunan da ke kama dalma su fitar da ita ta fitsari, irin wanda aka yi wa yaran Zamfara amfani da shi. Ana ba da su ne in dalmar jini ta kai wajen maikirogiram 45, ƙarƙashin kulawar likita, kuma ba sa dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta rasa. Duk mai tallan jiƙo ko sassaƙe da ya ce yana wanke dalma, a bar masa kayansa.

Jagira da gazal na kanti fa? Da kwallin da ake yi da hayaƙin fitila?

Ga babba, jagira ko gazal na kamfanin da aka sani, mai lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki, ya fi garin dutse aminci nesa ba kusa ba. A yi hattara da masu arha marasa suna, musamman waɗanda aka rubuta wa surma. Na baƙin hayaƙi, in tsantsarsa ne, ba dalma a ciki, sai dai ba ki da tabbacin ba a gauraya ba in ba ke kika yi ba, kuma datti yana shiga. Ga jariri dai amsata ɗaya ce: kada a sa masa komai a ido.

Hukuma ba ta hana ba?

A Amurka hukumar abinci da magunguna ba ta amince da kuhul a kayan kwalliya ba, ana kuma tare shi a bakin shiga. A nan NAFDAC ce ke da alhakin kayan kwalliya, amma ƙullin dutsen da ke kan tabarma tsakanin alif da jar kanwa bai taɓa bi ta ofishin kowa ba. Mai sayarwar ma bai san abin da yake sayarwa ba, shi ma da shi ake yi wa 'ya'yansa ado.

Yaya zan gaya wa surukata ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Kada ki ɗauko maganar ranar suna a gaban mata, kuskuren da na yi ke nan. Tsohuwa ba mugunta take yi ba, kariya take nema wa jikanta daga baki da kambun baka, kuma kina ce mata guba ne kamar kin ce ta cuci 'ya'yanta tara. A same ta ita kaɗai tun kafin haihuwa, kuma ya fi kyau ɗanta ya yi maganar. Abin da ya yi aiki a gidanmu daga baya, mijin ƙanwata ne ya durƙusa ya ce: "Hajiya, kun san abin da ya faru da yaran Zamfara. Likita ya ce dutsen kwallin yanzu irin wannan dalmar ce. Ku taimaka ku riƙa yi mata addu'a kuna tofa mata, mu haƙura da kwallin." Goggo ta yi tsaki ta ce zamani ya zo da iyayi, amma ta mayar da tandun bakin ɗankwali.

In na daina kwalli, shi ke nan yarona ya tsira daga dalma?

Kin toshe ƙofa ɗaya. Akwai masu fasa tsohon batir su narka a cikin unguwa, da maigidan da ke dawowa daga wurin haƙar ma'adinai ko garejin batir da ƙura a riga ya ɗauki yaro kafin ya yi wanka. Akwai tsohon fenti mai ɓarewa a ƙofa da taga, da wasu kayan wasan yara masu arha. Har tukwanen da muke kira na dalma, waɗanda a gaskiya na alminiyam ne: in an narka su daga tarkacen injin mota da makamantansu, gwaje-gwajen da aka yi a Kamaru sun nuna wasunsu suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami.

Shi kuwa ragowar kwallin, kada a zubar a tsakar gida ko a bayan ɗaki inda kaji ke tono yara ke wasan ƙasa, kada a jefa a murhu, kada kuma a ba maƙwabciya. A ƙulle shi a leda biyu a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa har a kai shi wurin likita, ko a sa shi cikin sharar da mota ke kwashewa. Dutsen da aka niƙa shi a kai, kada ya sake ganin barkono.